Ƙarfen da Yakubu ya rataya a rumfa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana Yakubu. Ranar da ya cika, mu huɗu ne a kansa: ni, da ɗanmu Iliya, da 'yarmu Hannatu, da Garba mai walda, wanda ya biyo shi Yamai daga Dogondutsi tun suna samari.

Rishon gas Yakubu yake ƙerawa a ataliyensa, wato maƙerarsa, a hanyar Tondibiya. Akwai guntun ƙarfe da ya rataya a tsakiyar rumfa. Duk rishon da aka gama sai an shafa masa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, gas na fita ke nan, wanda ya gani sai ya buga ƙarfen, aiki ya tsaya cak, ko da mota na jiran kaya a ƙofa. Ban taɓa jin ya tsawata wa wanda ya buga ba. Goro ma yake ba shi. In mace ta maido risho, da hannunsa yake miƙa mata kujera.

Yanzu Iliya ne shef, shi ke riƙe da ataliyen. Ya yi lakwal, wato boko, ya ƙaro injuna, ya ƙaro ma'aikata. Amma duk wanda ya kawo masa labari mara daɗi, a gaban kowa yake wanke shi tas. Sai mutane suka koyi yin shiru.

Makon jiya na leƙa ataliyen. Ƙarfen ba ya nan. A ƙofa na iske wata mata da goyo, riƙe da risho, tana cewa huci yake yi in ta kunna. Mai gadi ya ce ta koma inda ta saya. Garba ya ja ni gefe.

"Maman Iliya, wata uku ba a taɓa sabulu ba a nan. Ni kaina matata da gawayi take girki."

Na tari Iliya. Ya ce, "Inna, ba zamanin Baba ba ne. Kaya ake jira. Ki bar mana abin da muka karanta."

"Matar can fa?"

"Ita ce ba ta iya ɗaurawa ba."

Na fito nemanta, ta tafi. Ban san sunanta ba, ban san unguwarsu ba. Tun daga lokacin nake ganinta a ido: ɗaki ƙarami, ashana a hannu, yaro a baya.

Da Yakubu na nan ba zai yi faɗa ba, ƙofa zai rufe har a duba kowane ɗaya. Ni ba ni da makulli. Sunansa ne har yau ake bugawa a gindin kowane risho, kuma don sunan nan mata ke saye ba tare da tambaya ba. Abin da ya rage nasa ke nan, shi ne kuma ke tsinka mini zuciya.

Washegari na shiga taksi zuwa Babbar Kasuwa, shagon Alhajin da ke sarin kayanmu. Na zauna a bencinsa. Macen farko da ta ɗauki risho, na riƙe hannunta.

"'Yata, ajiye shi. Ɗana ne ya yi."