Dabinon da Na Sauya wa Mazauni

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur ya ɓarke a Libya har kowane gida a Fagge yake da wani nasa a can, ni ma na ɗaure buroshina a tsumma na bi motar Agadas, na sauka a Sabha. Sana'ata rubutu da zane a jikin manyan motoci da allunan shaguna. Aiki kam akwai shi, don kusan kullum sai an buɗe sabon shago. Larabcina na makarantar allo ne. Rubutu tsaf nake yi, amma in aka yi mini magana da sauri sai in tsaya ina murmushi kamar na gane.

Ina da wata ɗabi'a da 'yan ɗakinmu a unguwar Abdulkafi suka ɗauka alamar taɓuwa ce. Na sayi ɗan akwatin fentin ruwa, irin wanda ake jiƙa buroshi a goga, da littafi mai kaurin takarda. Duk abin da ya tsaya mini a ido sai na zana shi: layin masu sayen burodi da safe, butar shayi a kan gawayi, takalma a ƙofar masallaci, wata matacciyar tasi da kaji suka mayar akurki. A ƙasan kowane shafi in rubuta rana da wuri. Wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya yakan ce, "Mutum ya wuni yana fenti a biya shi, ya dawo gida ya yi na banza. Allah shi sawwaƙa."

Abokina direba ne, Balaraben Zighan, wani ƙauyen dabino a wajen gari. A hanyar Agadas ya koyi Hausa, irin Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji. Ran Alhamis da la'asar yakan ɗauke ni mu tafi ƙauyensu, mu kafa tanti a gindin tudun yashi bayan lambun mahaifiyarsa, mu rataye salkar ruwa, mu dafa taliya da shayi. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu dawo.

Wata safiya a can na zauna na zana lambun. Akwai 'yar hanyar ruwa da ta raba lambun tsohuwar da na ɗan baffan abokina: nata a dama, nasa a hagu. A bakin ruwan, ta ɓangarenta, akwai wata bishiyar dabino guda. Ashe wannan bishiyar ita ce sadakinta, marigayi mijinta ya dasa ta da hannunsa. Ni ban sani ba. A wurina dabino dabino ne. Da na duba shafin sai na ga dama ta cika maƙil, hagu kuma fili fetal. Mu kuwa masu allo ba ma barin gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Sai kawai na ɗauke bishiyar na tsallakar da ita ruwa, na dasa ta a hagu. Shafi ya zauna daram. Ɗan baffan yana nan yana shan shayi tare da mu, ya leƙa ya yaba, ni kuma na ji daɗi.

Bayan wasu watanni, wata ranar Juma'a, sai ga ɗan baffan a ƙofar ɗakinmu da buhun dabino a kafaɗa. Ya rungume ni, yana ta kirana "ustaz". Ya yi mini nuni da hannu in ɗauko littafi. Ya buɗe ya gano shafin lambu, ya ɗora yatsa a kan ranar da na rubuta, ya ce, "Bahi, bahi!" wato madalla. Ya zubo Larabci kamar an buɗe famfo, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Da ya tafi ɗan Maraɗi ya tambaye ni me aka ce. Na ce, "Ina jin zanena ne ya burge shi." Ya ce, "To ashe haukar taka tana da rana." Muka zauna wa buhun nan har muka ga ƙasansa.

Daga makon nan abokina ya daina gaishe ni. In na je garejinsu sai ya shige ƙarƙashin mota. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba shi ba motarsa. Na yi lissafin duniya ban gano laifina ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a garin nan ba ni da wani kamarsa.

Rannan da azahar sai ga shi, ko sallamar kirki babu.

"Kai, littafi naka, ɗauko. Mama yana kuka saboda kai."

A mota ya yi mini bayani, rabi da Hausa rabi da dukan sitiyari. A wurinsu kowace bishiyar dabino da mai ita, ana gadonta, ana ba da ita sadaki. An kawo musu injin ban-ruwa, aka gina sabuwar hanyar ruwa ta siminti, aka cike tsohuwar. Iyaka ta ɓace ke nan. Ɗan baffan ya ce tun asali bishiyar a ɓangarensa take, kuma yana da shaida, hoton da Bahaushe ya zana mai ɗauke da kwanan wata. Gyaɗa kan da na yi ta yi masa kuwa, ashe alkawari na ɗauka zan zo gaban dattawa.

Na ce, "Amma ai zane ne kawai."

Ya ce, "Zane kawai? Baba ya mutu, wannan ya bari ga mama. Kai ka ɗauka ka ba wani. Don me?"

A haka muka isa ƙauyen.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a cikin lambun. Dattawa suka zauna, mata suna can gefe, tsohuwar a tsakiyarsu. Littafina ya dinga yawo daga hannu zuwa hannu. Zamanin takarda ne, kowa yana yawo da katin shaida a aljihu, abin da ke rubuce ya fara fin bakin mutum daraja. Babbansu ya shiga yi mini tambaya, abokina yana fassarawa fuska a ɗaure.

Kai ka zana? Na ce ni ne. Kana wurin da idonka? Na ce ina wurin. A hagu bishiyar take? Na ce a'a, a dama take. To me ya sa ka sa ta a hagu?

Na ce, "Ya fi kyau ne."

Abokina ya kalle ni, ya fassara. Dattijon ya sake tambaya ko wani ne ya sa ni. Na ce babu. Ya ce ko an taɓa ba ni wani abu a kan wannan shafi. Nan take na tuna da buhun dabinon da muka cinye ni da ɗan Maraɗi. Na amsa da gaskiya, aka ɗauki gunaguni. Ɗan baffan yana ta rantsuwa shi kyauta ya kai wa baƙo. Har yau ban sani ba ko ya san gaskiyar bishiyar ko shi ma takardar ce ta ruɗe shi, don ya daɗe a birni.

Dattijon ya ce, "To ɗayan biyu ne. Ko hannunka ya yi ƙarya a da, ko bakinka yana yi yanzu. Da wanne za mu yi aiki?"

Wallahi kaina ya ɗaure. In na tsaya a kan zanen, tsohuwa ta rasa sadakinta. In na ƙaryata shi, na zama maƙaryacin da ba a karɓar maganarsa. Ni da na zo Sabha neman abinci, ga ni a tsakiyar shari'ar gado saboda gefen takarda ya yi mini fili.

Sai tsohuwar ta miƙo hannu aka ba ta littafin. Ta kawo shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa. Can ta faɗi wata magana a taƙaice. Mata suka fashe da dariya, dattawa suka bi, har abokina ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ni kaɗai ne ban san abin da ake ciki ba.

"Mama ya ce wannan ba nata ba ne. Nata ya karkace wajen gabas. Nata yana da tabo na wuta a ƙasa, da 'ya'ya biyu a gindi. Wannan miƙe kamar sandar lantarki. Ya ce kai ka zana dabino na ba kowa."

Dattawa suka miƙe da littafin suka je gindin bishiyar. Su dubi takarda, su dubi itace. Ba wanda ya yi musu, har ɗan baffan. Aka ajiye zanena gefe, aka aika a kira tsohon da ke hawa dabinon ƙauyen. Ya ce tun kafin a haifi abokina yake sauke 'ya'yan wannan bishiyar, kuma bai taɓa kai su wani gida ba sai nata. Aka shafa fatiha. Na tsaya rungume da littafina, ban san ko murna zan yi ko kunya zan ji ba. Rashin iya zanena ne ya cece ni, ni da ake kira ustaz.

Kafin mu tafi tsohuwar ta ba da umarni in dawo ran Alhamis in zana tata. Na dawo. Ta zauna kusa da ni a kan tabarma. Zanen farko ta buga shi da yatsa ta ce, "La," wato a'a. Na biyu ma haka. A na uku na daina gyara komai, na bi karkacewar yadda take, na sa baƙin tabon nan duk da ya ɓata mini shafi. Ta karɓa, ta shafa tabon da yatsa, ta ja mayafi ta goge ido. Abokina ya ce mini a hankali mahaifinsa ne ya yi tabon, shekarar aurensu, ya hura mata wutar shayi kusa da gindin.

Ta yage shafin da kanta ta sa a cikin rigarta, ba ta ko nemi izinina ba.

Littafin yana nan wurina, fentinsa ya koɗe. Har yau ina zane, kuma tun daga ranar ban sake matsar da ko buta ba don shafi ya yi kyau. In jikokina suna buɗawa sukan tsaya a kan shafin lambun nan su ce, "Baba, wannan ya fi kowanne kyau." Sai in nuna musu gurbin da aka yage, in ce mai kyan ba ya nan, mai shi ta karɓi abinta.