Injiniya Kadijatu, Wadda Ta Hana A Kunna Tandar Sanholo

Da rana ta ɗan ɗaga, Injiniya Kadijatu takan goge faifan sola da tsumma, ta jona kwamfutarta, ta zauna a rumfar tsakar gida tana ƙanƙance ido. Idon ya gaji, shi ya sa ta ajiye koyarwa a makarantar fasaha bana. Tare muka koyar, na kuma san ba wanda zai yi mata walima, don haka na ɗauki alƙalami.

Aikinta ba ya cika ido. Idan maƙera ko masu walda na Isa da Sabon Birni za su haɗa wani inji, ita takan zana shi a kwamfuta, ta ɗora masa zafi da nauyi, ta ga inda zai lanƙwashe ko ya fashe tun ba a taɓa ƙarfe ba. Badaru mai walda a tashar Isa ya shaida mini cewa ita ta gano masa raunin wani tankin iska da ya kusa sayar wa mai faci. Amma wa ke gode wa mutum a kan masifar da ba ta faru ba?

Shekarar da 'yan bindiga suka koro maƙeran Tsamaye zuwa Sabon Birni, wata ƙungiya ta kawo musu kayan haɗa tanda ta zamani. Akwatin ƙarfe ce mai murfi. Ana dumama fallen sanholo a ciki har ya yi laushi yana miƙewa kamar alewa, sai a tura masa iska mai ƙarfi, ya kwanta a mazubi ya fito kwano ko marfin inji. Mutanen da suka rasa gonakinsu da maƙerarsu, wannan tandar ce kaɗai abin da suka sa wa rai.

Sai dai maƙeri da ido yake auna zafi, yana duban jan ƙarfe. Saboda haka suka huda murfin, suka sa gilashi don leƙawa. Kuma a wurinsu, ranar da za a kunna sabuwar wuta, Sarkin Maƙera ne yake fara kai fuskarsa. Sarkin nan kuwa Yero ne, ƙanen mahaifin Kadijatu.

Ta auna tandar, ta gwada ta a kwamfuta, ta sake gwadawa tana fatan ta yi kuskure. Kowane karo murfin daidai hudar yake tsagewa.

Ta sami Yero ta durƙusa. "Baffa, kak ka kunna ta. Murhin ga za shi tashi, kuma daidai wurin idonka. Sanholo ba shi ja, za shi narke kana jira."

Yero ya ce, "Ɗiyata, wuta nike kallo tun ba a haihe ki ba. Mi allon ga naki yas sani?"

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta kai maganar gaban hakimi, aka hana kunnawa har a samo murfi mai kauri da ma'aunin zafi. Kafin a samo, hanya ta ƙara lalacewa, ƙungiyar ta tattara ta tafi. Tandar tana nan tana tsatsa, awaki na kwana a gindinta. Rabin maƙeran sun tsallaka Nijar neman abinci. Har gobe akwai masu cewa ita ta toshe musu arziki, kuma ba ta da abin nunawa, tunda ba a kunna ba balle a gani. Wannan yana ƙona mini rai.

Yero ya daina amsa gaisuwarta tun daga ranar. Na tambaye ta ko abin yana damunta. Ta ce, "Yana damuna mana. Amma duk Juma'a ina jin takunshi ƙohwar gida za shi masallaci, ba mai ja mishi sanda. Shi yi ta wucewa bai amsa ba."

Kadijatu, ɗiyar maƙera, ke ce kika zaɓi fushin baffanki a kan makokinsa. Ke ce kika faɗi gaskiya ga mutanen da yunwa ta hana su saurare. Mun gode, ko da mu kaɗan ne masu godiyar. Ku kuma matasan da kuke koyon wannan ilimi, idan gwaji ya nuna muku haɗari ku faɗa, ko da gidanku ne zai juya muku baya.

Allah ya ba idonki lafiya, ya sa ki daɗe kina jin takun nan.