Gobarar Ɗakin Kawu

Shekaranjiya cajar wayata ta ƙone a jikin bango, ɗakin ya gauraye da ƙaurin roba da dalma. Maimakon in tashi in buɗe taga, sai na zauna a bakin gado na kasa motsi. A wurinka, mai karatu, ƙauri ne kawai. Ni kuwa ɗakin Kawu yake mai da ni, can ƙuryar gidanmu na Nasarawa, bayan bishiyoyin mangwaro.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Malamin firamare ne a Tudun Wada, bai kai ga yin aure ba, sai Abba ya ba shi ɗaya daga cikin ɗakunan baya, jikin sito, kusa da na direba da na kuku. Abba babban ma'aikaci ne a lokacin, falonsa ba ya rabo da baƙi masu manyan riguna. Shi kuwa Kawu, in ya dawo daga makaranta a kekensa ya yi la'asar, sai ya zauna gaban wani tsohon tebur cike da matattun rediyo da rakoda. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, so ne kawai. Masu gadin layinmu da masu ban ruwan fulawa duk shi suke kawo wa nasu. Ƙananan kayan da yake cirowa a gwangwanayen madara yake zubawa, kowane iri da gwangwaninsa.

Sunan mahaifiyar su Kawu aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ya fara barina in riƙe ƙarfen narkar da dalma. Ya koya mini gane abin da ya kumbura da wanda ya ƙone, da yadda ake ɗiga dalma kaɗan ta zauna tana sheƙi kamar ƙwayar gero. Ranar da rediyon farko ta yi magana a hannuna, tsalle na yi har na zubar masa da gwangwani biyu, yana ta dariya. Doka ɗaya ya kafa mini: kada in kuskura in jona ƙarfen nan in ba ya nan.

A cikin gida babu mai son wannan zaman namu. Umma takan ce me 'ya mace za ta yi da wayar wuta. Abba kuwa sau da yawa na ji shi yana cewa an mai da masa gida bola, baƙonsa zai shigo ya tarar da masu gadi sun yi layi da rediyo a hammata.

Wata Juma'a ce cikin damina, garin ya yi luf, ƙasa tana ƙamshi. Rediyon mai gadinmu, wani dattijo mutumin Jigawa, tana kan teburin Kawu, saura waya ɗaya a liƙa. Maza suka tafi masallaci, aka bar mai gadi a bakin ƙofa. Na san inda Kawu yake ajiye mukulli. So nake ya dawo ya tarar da ita tana magana. Na jona ƙarfen, ya yi zafi, garin gaggawa ya lashe mini babban yatsa. Ina cikin tsotsar yatsan aka ɗauke wuta, Umma kuma ta ƙwala mini kira in zo in tsince shinkafa. Na ajiye ƙarfen a kan tarin jaridu, na kulle ɗakin, na ruga. Ina tsintar shinkafa na ji fanka ta ci gaba da juyawa a falo, amma ko kaɗan hankalina bai kai can ba.

Kafin a sauko daga masallaci hayaƙi ya turnuƙe mangwarorin. Kuku da maƙwabta suka yi ta kamfato ruwa da bokiti. Wutar ta cinye ɗakin Kawu, ta ci rabin sito. A cikin siton nan akwai akwatin littattafan kakana na wajen uba, waɗanda ya rubuta da hannunsa. Ban taɓa ganin Abba a durƙushe a ƙasa ba sai ranar, da farar babbar rigarsa cikin caɓi, yana ɗaga takardu suna marmashewa a hannunsa.

Da ya miƙe, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, me ka bari a jone?"

Kawu ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dubi hannuna da na ɓoye cikin mayafi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Alhaji. Na manta ban zare ƙarfe ba. A yi haƙuri."

"To, ka nemi wani wurin."

Umma tana tsaye, ta kau da kai. Ni ma haka. Babu abin da zai tattara, sai keken da ya je masallaci da shi da rigar jikinsa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce a hankali, "Uwata, ki shafa man kaɗanya a yatsan nan."

Ɗaki ya kama a Tudun Murtala, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Sai da salla yake zuwa gaida Yayarsa, ya tsaya daga baranda. Sau ɗaya na je gidansa bayan na yi aure. Rediyonsu tana kan taga tana shaƙewa, na ce me ya hana ya duba ta. Ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan abubuwa. Maganar gobarar tana bakina, na haɗiye ta, na ce sai wani zuwan. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi kafin in koma.

Bayan addu'ar bakwai na samu Abba a falonsa, ya tsufa, baƙin nan duk sun ɗauke ƙafa. Na zauna a ƙasa na faɗa masa komai, ina kuka. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ai na sani. Mai gadi ya gan ki kin fito daga ɗakin, ya faɗa mini tun a bakin ƙofa."

Na ce, "Abba, ka sani ka kore shi?"

Ya ce, "Da ma zamansa ya ishe ni."

Yanzu an sayar da gidan, an sare bishiyoyin, an yi otal mai gilashi a wurin. Layin duk ya zama ofisoshi da manyan katangu, masu gadi kowa da waya a hannu, in ta lalace a jefar a sayi wata. Nakan bi ta wurin in na kai yara makaranta, sukan ce in nuna musu inda na girma, sai in nuna musu filin ajiye motoci. 'Ya'yan Kawu kuwa har gobe in ana hira sukan ba da labarin yadda babansu ya taɓa ƙona gidan Alhaji da sakacinsa, su yi dariya. A gabana suke faɗa. Har yau ban gyara musu ba.