Ranar da Na Nome Furannin Majami'a

A shekarun da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, ƙaramar majami'armu ta Paikon Kore ta fara ganin baƙin fuska. Cikinsu akwai wata gwauruwa, ma'aikaciya, wadda aka turo aiki Gwagwalada. Ba ta yi wata biyu ba ta shuka furanni a bakin ƙofar majami'a.

Ni manomi ne, kuma dattijon ikkilisiya. A wurinmu duk tsiron da ba a ci, ba a sha don magani, ciyawa ne. Ranar Asabar ɗin da sharar harabar majami'a ta faɗo kaina, na ɗauki fartanya na nome su tas, na zuba irin kuɓewa, na tafi gida ina jin na yi wa Ubangiji aiki.

Ranar Lahadi matar ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon wurin, sai ta juya. Daga nan ba ta sake zuwa sujada ba. A bakin fasto na ji cewa daga kabarin mijinta ta yanko rassan, ta riƙo su a cinya tun daga Ikko.

Fasto ya ce in je in ba ta haƙuri. Na ce a kan ciyawa? Ni da ban taɓa ba matata haƙuri ba? Amma na yarda zan maye mata abinta. Na sayo dashe a bakin titi, na yi musu tudu kamar na doya, na zuba taki har da ƙari. Mako guda suka ƙone. Na sake sayowa, na dinga ba su ruwa safe da yamma har suka ruɓe. Matan zumuntar majami'a in sun wuce sai su ce, "Baba, yaya amfanin gona?" Kuɓewar kuwa, don wulaƙanci, sai bunƙasa take yi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne addu'a ta daina shiga bakina. In na durƙusa, kujerar matar nan nake gani babu kowa. Na ji kunya ƙwarai, domin ni na kori mutum daga gidan Allah da fartanya.

Da dashe na uku ya fara yaushi, na tuge guda na nufi gidanta. Na tsara a raina tambayar noma kawai zan yi. Ta karɓa ta duba saiwar.

"Oga, wannan ba doya ba ne," in ji ta. "Ka cika masa abinci. Ka yanke busasshen, ka ba shi ruwa small small, ka bar shi ya huta."

Na buɗe baki in yi godiya, sai na ji kaina ina cewa, "Ki gafarce ni. Na yi miki laifi." Har da hawaye, ni da furfurata.

Ta shiga bayan ɗaki ta fito da wani reshe a gwangwani, wanda ta rage daga na kabarin.

"Gobe da safe zan zo mu dasa tare," in ji ta. "Amma ka bar fartanyar nan a gida."