Tsingaron da Jikata Ta Daka

Shekara arba'in ina ginin tukwane a Toranke, kuma ban taɓa kai tukunya kasuwar Ajingi ba sai na ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. In ta yi ƙara garau, lafiya take. In muryarta ta dushe, akwai tsaga a ciki ko da ido bai gani ba.

Jikata ta fari tana jami'a a Kano. Wata ranar Juma'a sai ga ta da leda cike da fasassun sandunan yumɓu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Yumɓun a wurina ta ɗiba. Ta ce aikin gama karatunta ke nan: a sa sandan cikin murhun lantarki, yana tsakiyar zafi wani ɗan ƙarfe ya ƙwanƙwasa shi, na'ura ta saurari ƙarar ta faɗi ƙarfin jikinsa da yadda yake juriya.

Na ce, "Wato kuɗin makaranta aka biya don a koya miki ƙwanƙwasa tukunya?"

"Kaka, ke dai bari. Duk fashewa suke tun wuta ba ta yi nisa ba. Saura sati uku, in ban kai sakamako ba sai baɗi."

Na murza ɓallin guda a hannuna. Sumul, kamar garin tuwo.

"Ke 'yar nan, tankaɗe shi kika yi?"

"Sau uku. Na cire duk dattin."

"Dattin? Ƙashinsa kika cire."

Na nuna mata tulin tsingaro a bayan ɗaki, fasassun tukwanen da suka riga suka sha wuta. Mu dakawa muke mu cuɗa da sabon yumɓu, shi ke hana shi tsagewa. Na miƙa mata taɓarya. Ta yi ta daka har tafin hannunta ya yi kanta, ban karɓe ta ba. Sai dai ta nace sai ta auna kowane kaso a sikelinta ta rubuta, ni kuwa da tafin hannu na saba. Na ƙyale ta. Da ta gina sababbin sanduna, ta so ta shanya su a rana don sauri, na mayar da su inuwa, kwana shida.

Bayan ta koma Kano da sandunan, ta kira ni a waya da hantsi.

"Kaka, saurara."

Na ji ƙarar sandan daga cikin murhun, siririya, garau. Can ta sake kira, ƙarar ta ɗan yi ƙasa. Na ce ya tsage.

"Bai tsage ba. Zafi ne ya kai, jikinsa ya ɗan saki. In ya huce muryar za ta dawo."

Ni ban taɓa jin muryar tukunya tana cikin wuta ba, kullum sai ta huce nake taɓa ta.

Da la'asar ta kira, muryar ta dawo, sandan bai fashe ba. Na tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce a'a. Na yi mata faɗa sosai, sannan na ce ta ƙara kunna min ƙarar nan sau ɗaya.