Desmond Kowald da Rumbun da Ya Bari a Waje

Haihuwa da karatu

An haifi Desmond Kowald a garin Tanunda a shekarar 1948. Mahaifinsa Erwin manomin inabi ne, mahaifiyarsa Valda kuwa ɗinki take yi. Bayan sakandare ya tafi birnin Adelaide ya karanta lissafi, domin tun yana ƙarami kowa ya ga gona ba ta gabansa.

Aiki da aure

A 1974 wani kamfanin fitar da alkama ya ɗauke shi aikin kula da rumbunan bayanai a babbar kwamfutarsu. Aikin shi ne haɗa rumbunan da ke tafiya tare a rukuni guda, a riƙa kwafe su tare, in na'ura ta lalace a maido da su tare ba tare da wani ya saɓa wa wani ba. A 1976 ya auri Raelene, ma'aikaciyar jinya.

Shekarar feshi

A 1983 aka buɗe sabon rumbun bayanai na alkamar da aka yi wa feshin maganin ƙwari. Desmond ya ce sai Litinin zai sa shi cikin rukuni, ya tafi kallon wasan kurket, ya manta. Bayan wata biyu faifan ajiyar kwamfutar ya ƙone. Aka maido da rukunin lafiya, amma wannan rumbun ba shi da sabon kwafi, don haka ba wanda ya san wace alkama ce mai guba, ga jirgin ruwa ana yi masa lodin alkama a tashar Port Lincoln. Da kansa ya buga waya ya tsayar da lodin, sannan ya shiga ofishin manaja Barry Quill, yana sane a bakin aikinsa ne.

"Wane sakaran ne ya bar shi a waje?" in ji Barry.

"Ga shi a gabanka, maigida."

"Ƙato da kai! To in na kore ka, ubana ne zai gyara? Koma kujerarka, kuma ka saba da ita, don ba za ka tashi daga kanta ba."

Haka kuwa aka yi. Ba a ƙara masa girma ba har ya yi ritaya a 2008, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ya kan ce wa Raelene kujerar ta yi masa daidai, kujeru sha biyar na manyan kamfanin ma ba su kai ta laushi ba.

Rasuwa

Ya rasu a watan Mayun 2019 sakamakon ciwon zuciya, aka binne shi a maƙabartar cocinsu ta Tanunda kusa da iyayensa. Ya bar matarsa Raelene da 'ya'ya uku: Narelle, Todd da Kym.