Hular Ƙarfen Tudu

Gidanmu a kan tudu yake kusa da Dalijan, ƙasar Gwandu. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, duwatsunta kuma kawunansu a baje kamar faifai. 'Yan shekaru kafin mulkin kai, Baba ya tasar wa haƙa rijiya a bayan gida. Da ya kai gaba huɗu sai ya ci karo da marmara. Kwana tara yana sara, dagi sai tartsatsi yake yi. Ya ce in Juma'a ta yi bai ga danshi ba, za mu kwashe mu koma Kalgo, bakin fadama. Hankalina ya tashi ƙwarai, don Kaka ta ce ko za a mutu ita ba inda za ta.

Baba ɗan farinta ne. Don haka, bisa kunya ta al'ada, ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta ce masa ga yadda ake yi.

Ranar Laraba bayan magariba muka kewaye wutarta. Baba yana gefe yana gyaran igiya. Ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, mai kunne shi jiya. Tudu wani marowaci na, yab ɓoye ruwa cikin kainai, yak kihe da hular ƙarhe."

Ta ci gaba da cewa ƙarti suka yi ta dukansa, ko gezau. Sai wata tsohuwa ta tara masa kirare a ka, ta hura wuta. Da ya yi jawur yana ihu, ta juye masa ɗan ruwan da ya rage a gorarta. Kunya ta kama Tudu, hula ta dare.

Na ce, "Kaka, to ita me za ta sha?"

"Kai dai angona, cikinka kaɗai ka sani."

Washegari Baba ya cika ramin da itace, wuta ta yini tana ci, sannan ya tuttule ruwan tulunanmu biyu a kan marmarar. Muka ji ƙara, ɗas! A ƙarƙashi ga farin yashi mai laima. Ran nan har rawa na taka.

Sai da na girma na gane ba mu aka yi wa tatsuniyar ba. Uwa ce ta ga ɗanta zai karaya, kunya ta ɗaure mata baki, ta bi ta kanmu. Na tuna da aka kawo mata ƙwaryar farko, ta sha, ta dubi bango, ta ce, "Wani dai ya yi ƙoƙari."

Baba ya sunkuyar da kai, yana murmushi.